Rigar Alhaji a Rumfar Albasa

Aikina tsintar albasa. Mota ta zo daga arewa, 'yan dako su sauke buhuna su zazzage a ƙasa, ni in zauna in raba mai lafiya da ruɓaɓɓiya. Ƙasar bakin teku ba ta ƙaunar albasa. Can inda aka noma ta, sai ta yi watanni a rumbu ba abin da ya same ta. Nan Lome, da ta shaƙi laima, sai ta fara lalacewa daga wuya. Guda ta ruɓe a tsakiyar buhu, ta ja na kusa da ita. Dole a sami wanda zai zauna ya danna wuyan kowace da babban yatsa. Ni ne wannan.

Ina da buhun da nake zama a kai, a kusurwar rumfa ta inda iska ke shigowa. Da safe in sha koko in zauna. Da azahar in yi salla, in ci wake da shinkafa a bakin titi. Bayan la'asar in wanke hannu da toka da lemun tsami, warin dai ba ya fita, in tafi gida. Ba mai kirana a waya. In na kwanta, barci nake yi.

Mutanen Zango, unguwarmu ta baƙi, sun ce na kashe kaina da zama. Su ne dai mutanen da in uku suka haɗu suna sayar da igiya, kafin a jima sun naɗa shugaba da mataimaki, na ukun ya yi fushi ya kafa tasa ƙungiya. Kowa so yake a kira shi da wani abu. Mutum bai karya kumallo ba, amma yana yawo da hula a karkace ana ce masa shef, wato shugaba. Maganar irin waɗannan ba ta hana ni cin tuwo.

Ba daga sama na faɗo kan buhun nan ba. Na yi hanya. Shekaru ina bin manyan motoci daga tashar jiragen ruwa zuwa Nijar, in ɗaure tanti, in sa katako a bayan taya in mota ta tsaya a hawa. Direban da na bi na ƙarshe mutumin kirki ne, sai dai mai motar ya yi masa alkawari: in ya riƙa riga sauran direbobi isa, shi za a ba sabuwar mota. Daga ranar bai ƙara tsayawa ya duba birki ba. A gangaren duwatsun arewa muka kife. Shi aka kwashe shi a tabarma. Ni aka zaƙulo ni daga ƙarƙashin buhunan shinkafa, ƙafar hagu ta juya baya. Sabuwar motar wani aka ba.

Da na fara takawa, wani ya kai ni wurin Alhaji mai rumfar albasa. Haifaffen Zango ne, kakansa ya zo daga Kano da fatauci. Ya dubi ƙafar, ya ce, "Za ka iya zama?" Na ce zama kam na iya. Ya nuna mini kusurwa. Ban manta masa wannan ba, har yau.

A gidan Alhaji, babban matsayi shi ne wakili. Shi ke hawa arewa ya sayo kaya, ya biyo motoci, ya yi ta fama da 'yan duwan, wato kwastan, da jandarma a kowane shinge. Ana ba shi babur da waya. Yana cin abinci a falon Alhaji. In mota ta makara albasa ta dahu a hanya, shi ne da laifi. In farashi ya faɗi kafin kaya su iso, shi ne. Na ga wakilin da ya gudu Ankara ta Gana ya bar takalmansa a ƙofar masallaci. Wanda ya gaje shi ya daɗe, ya yi tumbi, ya je Makka. Wata safiya yana tsaye a tsakiyar rumfa yana zagin wani direba a waya, sai bakinsa ya karkace, ya zube kan albasata. Ni na tallabe kansa. Wayar tana ƙasa, direban bai ma san ya faɗi ba, yana ta rantsuwa shi kaɗai. Bai mutu ba. Yana nan a ƙofar gidansa ana goge masa miyau.

Gidan yana da al'ada tun zamanin uban Alhaji. Ba a kiran mutum a ce masa an ɗaga shi. Riga ake aika masa. Ran Juma'a ya sa ta, ya zo ya tsaya a sahun da ke bayan Alhaji, inda aka bar masa wuri. Jama'a su gani, magana ta ƙare. Ba a tambayarka ko kana so, don ba a taɓa tunanin akwai wanda ba ya so ba.

A tsakiyar mako direban Alhaji ya shigo rumfa da ƙunshi a leda, ya wuce kowa, ya ajiye a gabana. Farar shadda mai maiƙo, ɗinkin hannu tun daga wuya har ciki. Duk rumfa ta juyo. Dalilin Alhaji ba ɓoyayye ba ne: na san hanya, ina jin Zabarmanci da Mosanci da ɗan abin da ake faɗa wa jandarma, kuma ban taɓa sa albasa ko guda a aljihu ba.

Akwai wani Bazabarme da ke kula da 'yan dako. Tun ranar da wakili ya faɗi ya sayi sabuwar hula, yana riga kowa buɗe wa Alhaji ƙofar mota. Ni Bagobiri ne, akwai wasa tsakaninmu. Ya zo ya tsaya a kaina, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kai bawana, yau Allah ya tuna da kai. To wa zai koya maka tafiya cikin babbar riga? Da wannan ƙafar ai sai ka share mana Zango da ita."

Na ce, "Ɗauke ƙafarka daga kan albasata."

"Ka ji shi! Tun bai hau ba ya fara ba da oda. Ranka ya daɗe, shef, in ka samu babur ka riƙa ɗaukar ubangidanka."

"In kana so, ga ta nan."

Ya kalli ledar kamar mai azumi ya ga ruwan sanyi. Ya haɗiye miyau ya ce, "Wasa nake yi." Na san ba wasa yake yi ba.

Da yamma na kai ƙunshin gida. Uwar yarana ta wanke hannu kafin ta taɓa. Ta shimfiɗa rigar a kan katifa, ta bi ɗinkin da yatsa.

"Malam, ka ga aikin nan kuwa? Alhamdu lillahi. Allah ya dubi wahalarmu."

"Ba zan sa ba."

Ta ɗago. "Ba ta yi maka ba ne? A kai wa tela."

"Ta yi. Aikin ne ba na so."

Ta zauna a bakin katifa. Mace ce da ba ta ihu. Ta nuna mini bango, inda ruwan bara ya bar zane har gwiwa.

"Ka ga wannan? Duk damina a kan bulo muke ɗora katifa. Yara na kwana da kwaɗi. Matar wancan wakilin tana unguwar Agowe, gidan sama da ƙasa, ruwa bai san ƙofarta ba."

"Ki je ki ga mijinta."

"Ciwo na Allah ne, Malam. Mai tsintar albasa ma yana faɗuwa."

"Yana faɗuwa. Amma daga zaune."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai dai tsoro kake ji." Na ce e. Na ga abin tsoron da idona, ita labari ta ji. Ta naɗe rigar ta sa a ƙarƙashin matashi. Ba ta yi ƙarya game da ruwan ba, wannan na sani.

Washegari na sami tsohon da ke ɗinke bakin buhuna. Ya yi wa uban Alhaji aiki tun a tsohon Zango na cikin gari, kafin a tashe su. Na tambaye shi yadda ake mayar da riga.

Bai ɗago daga basillarsa ba. "Ba a mayarwa."

"In mutum ba ya so fa?"

"Sai ya nemi wata rumfar. Ka mayar wa babba kyautarsa, ka ce masa bai isa ba ke nan. Ko shi ya haƙura, 'ya'yansa ba za su haƙura ba. Kuma wa zai ɗauke ka a Zango bayan ka kunyata Alhaji? Da wannan ƙafar?"

Ya ja zare ya ƙulla. Can ya ce, kamar da buhun yake magana, "Rigar gidan nan nauyi gare ta. Wanda ya ba da ita ma tana ɗaure shi. Tun da nake, ban ga an kori mutum da rigar gidan a wuyansa ba. Sai an karɓe ta tukuna. Karɓe kyauta kuwa, ka san abin da ake kiran mai yin haka."

Na koma kan buhuna. Abin da nake da shi a duniya ke nan: kusurwar nan, da iskar da ke shigowa, da tashi bayan la'asar. In na sa rigar ran Juma'a, na rasa su. In na mayar, na rasa su. Na yini ina danna wuyan albasa ina juya maganar tsoho.

Ran Juma'a na sa tsohuwar taguwata. Uwar yara ta tsaya a bakin ƙofa da rigar a hannu, na wuce. Na shimfiɗa buhu a waje, a gefen titi, cikin 'yan zemijan masu haya da babur da masu turin kura, inda na saba. Ta taga ina hango sahun bayan Alhaji. An bar gurbi, faɗin mutum guda. Manyan 'yan kasuwa na ta waiwaye. Bazabarme na sahu na gaba da nawa, wuyansa ya yi tsawo kamar na zalɓe. Har liman ya hau mumbari gurbin na nan. Da aka ta da salla wani baƙo ya matsa ya cike shi.

Kafin la'asar duk Zango ta ji. Wasu suka ce asiri aka yi mini. Wasu suka ce tun haɗarin mota kaina bai koma daidai ba. Wani dillali da ko gaisuwa ba ma yi ya tare ni a hanya yana yi mini wa'azi a kan butulci. Na bar shi ya gama, na tambaye shi ko ya ci abinci. Bai ci ba.

Ran Asabar da safe na ce wa uwar yara ta miƙo rigar. Fuskarta ta washe. Ta ɗauka gidan Alhaji za ni ba da haƙuri. Har turare ta fesa mini. Na sa, na fita.

Na shiga rumfa cikin farar shadda, tana ƙara kamar takarda. 'Yan dako suka tsaya da buhuna a ka. Na je kusurwata, na naɗe hannayen rigar a kafaɗa, na zauna. Motar da ta iso ranar ta sha ruwan sama a hanya, rabin kayan ya narke. Wanda bai taɓa sa hannu cikin ruɓaɓɓiyar albasa ba bai san wari ba. Ruwanta baƙi ne, mai yauƙi. Na fara aiki. In yatsa ya yi santsi, in goge a ƙirji, kan ɗinkin.

Wata Ba'ewiya, 'yar ƙabilar garin, da ke sayen albasa mai rauni don miyar sayarwa ta zo da kwandonta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Fofo, yau aure ne?" Fofo shi ne yaya a bakinsu.

Na ce, "Aiki ne, Mama. Kawo kwandon."

Bazabarme ya zo da gudu. Wannan karon ba wasa a bakinsa. "Kai mahaukaci ne? Ka san shaddar nan kuwa? Tashi ka tuɓe kafin ya zo!"

"Tawa ce ko taka?"

Ya kama kai ya fita. Na san inda za shi.

Da hantsi motar Alhaji ta tsaya. Ya shigo, Bazabarme na biye. Alhaji ba mai hayaniya ba ne. Ya tsaya a gabana, ya daɗe yana kallon ƙirjin rigar.

"Mene ne wannan?"

"Aiki, Alhaji."

"Rigar da na aiko maka ke nan?"

"Ita ce. Na gode. Allah ya ƙara arziki."

"Jiya na bar maka wuri a bayana. Gaban mutane."

"Na gani."

"Ka gani." Ya gyaɗa kai. "Na ɗauke ka ba ka iya tsayuwa. Yau na ce in ɗaga ka, ka zama mutum. Akwai masu zuwa gidana da kuka suna roƙon wannan wuri."

"Ga ɗaya nan a bayanka."

Wani ɗan dako ya tuntsire, ya mayar da ita tari.

Alhaji ya ce, "Ba ka son ci gaba ke nan? Haka za ka ƙare, cikin wari?"

"Na taɓa shiga motar mai son ci gaba, Alhaji. Kai ka ga ƙafar. Ka tambaye ni ko zan iya zama, na ce zan iya. Ban yi maka alkawarin wani abu ba bayan wannan."

Fuskarsa ta ɗaure. Ya nuna ƙofa da carbinsa. "Tashi ka bar mini rumfa."

Na dafa ƙasa na miƙe. Tashi na ɗaukar mini lokaci, kowa ya jira. Na sauke hannayen rigar, na buɗe ta sosai, baƙin ruwa na ɗiga daga gefe.

"To, Alhaji. Da ita zan fita in ratsa Zango, ko in tuɓe maka a nan?"

Ba wanda ya motsa. Ƙarar basillar tsoho kaɗai ake ji tana huda buhu. In ya ce tuɓe, na gama. Na dubi Alhaji, na ga yana auna abin. In na fita da ita, duk mai shago a titin nan zai ga an kori mutum da rigar gidan a wuyansa. In ya karɓa, kafin azahar an ce ɗan gidan ya ba da kyauta ya ƙwace. Ya juya ya kalli tsoho. Tsoho bai ɗago ba.

Alhaji ya sa carbi a aljihu. Ya ce, "Zauna. Ka ruɓe tare da ita."

Na zauna. Ya fita.

Ba a kyauta na sha ba. Alhaji bai ƙara amsa gaisuwata ba. In ya shigo rumfa, ya gaisa da kowa, ya tsallake kusurwata kamar buhu ne a wurin. Da babbar salla aka kai nama gidan kowane ma'aikaci, ban da nawa. Uwar yara ta ga rigar da yammar Asabar ɗin, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ta daɗe ba ta ce mini komai ba sai "ga abinci". Damina ta zo, ruwa ya shigo, muka ɗora katifa a kan bulo. Tana kwashe ruwa da roba tana kallona. Na karɓi robar na ci gaba da kwasa.

Rigar kuwa ban ajiye ta ba. Na san ranar da na zo babu ita, ranar zan tafi. Kullum da ita nake aiki. Ta tashi daga fara ta koma ruwan ƙasa, ta koma kalar da ba ta da suna. Ƙuda ya san ni tun daga bakin titi. 'Yan zemijan suka sa mini Wakilin Ruɓa, ina amsawa. Uwar yara ta ƙi wanke ta, ni nake wankewa ran Juma'a da safe in shanya, in tafi masallaci da taguwa.

Juma'ar da ta biyo bayan Asabar ɗin nan, Bazabarme ya tsaya a bayan Alhaji cikin shuɗiyar shadda. Masu jiran in ce ya lalace, su yi haƙuri. Bai lalace ba. Ya gina gida a Agowe, ya sayi mota, matarsa na zuwa bikin suna da zinariya har gwiwar hannu, tawa na gani ta dawo ta ba ni labari dalla-dalla. Yana shigowa rumfa da waya a kowane kunne, yana cewa wi, wi, patron da Faransanci, yana haɗiyar ƙwayar hawan jini ba ruwa. Ɗansa na fari ya yi aure, shi uban yana kan iyaka yana roƙon ɗan duwan. Wani lokaci ya zo ya tsuguna kusa da ni, wai yana duba kaya. Ya lumshe ido cikin iskar kusurwata. Kafin ya sauke numfashi waya ta yi ƙara.

Ran nan ya ce, "Bawana, kai fa ka more."

Na ce, "Tashi, shef, ana kiranka."

Alhaji ya rasu. Na je jana'iza, na tsaya a baya, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Ɗansa ne ke riƙe da rumfa yanzu, mai Faransanci da ƙaramar riga. Ya tarar da ni a kusurwa kamar yadda ya tarar da ginshiƙan rumfar, bai tambayi dalilin ko ɗaya ba. A lokacin rigar ta riga ta zama tsumma, wuyan kaɗai ya rage da ɗan ɗinki. Na ninke ta na ɗora a kan buhu. A kanta nake miƙe ƙafar hagu. Shadda ce mai kyau, ba ta saurin tsagewa.